Godiya ga Bakaniken da Ya Ƙi Kwance Mini Inji



Na san ba ka son a yi ta yabonka a gaban yaran gareji, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Kafin in kawo maka motar nan an riga an yanke mata hukunci, wai gaskit ya ƙone, sai an sauke kan inji. Kuɗin da aka ambata ya fi ƙarfina, ga kuɗin makarantar yara yana jira. Kai kuwa ko sifana ba ka ɗauka ba sai da ka tambaye ni: "Yaushe allurar take hawa, kana gudu ko kana tsaye?" Na ce a hanyar Zariya lafiya lau take, amma da na shiga cunkoson Kurna sai ta doshi ja. Ka ce to, in mota tana gudu iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, in ta tsaya kuwa aikin fanka ne. Da a gudu take zafi, da toshewar lagireto za ka fara zargi.

Duk da haka ba ka watsar da maganar gaskit ba, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali. Ka jira har inji ya huce kafin ka taɓa murfin lagireto, kana gaya wa yaronka cewa ruwan da ke cikin matsi ya wuce digiri 100, in ya sami ƙofa fuskar mutum zai nema. Ka zaro gejin baƙin mai ka nuna mini: da ruwa ya shiga, da ya koma kalar shayi da madara. Ka tayar da mota murfi a buɗe, muka sa ido ko kumfa za ta riƙa tasowa. Ka zaga baya ka duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi. Babu ko ɗaya.

Sai ka bar ta tana aiki a tsaye. Allura ta wuce tsakiya, fanka ko motsi. Fiyus lafiyarsa ƙalau. Ka jona fankar kai tsaye da batir, ta ɗauka da ƙarfinta. Daga nan ka cire rile, ɗan makunnin da ke ba ta wuta, ka sa irinsa na hon a gurbinsa, fanka ta tashi. Ɗan mitsitsin abin nan shi ne ya kusa ja mini sauke inji.

Wani da ke zaune a benci ya ba da shawarar da kowa ya saba ji a garejojinmu, a cire tamostat a jefar, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa muddin mota na kunne. Ka ƙi. Ka ce na Corolla irin tawa yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma in babu shi inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur, ya ci kansa, musamman da safiyar hunturu. Maimakon gardama, sai ka aika a karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi, ka ciro tamostat ɗin ka jefa shi cikin ruwan a gwangwani. Ina kallo bakinsa ya buɗe a hankali. Ka mayar da shi mazauninsa. Ni a ganina nan ne gwaninta take, a san abin da ba shi da laifi a ƙyale shi.

Murfin lagireto ma bai tsere maka ba. Robarsa ta tsage, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa har wajen digiri 120. Ka tura yaro Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu don a sayo mai lamba iri ɗaya. Ka zubar da jan ruwan nan mai tsatsa, ka wanke, ka hure ƙurar da ta cushe haƙarƙarin lagireto, ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ka ce in raba ta da ruwan rijiya domin yana barin datti a ciki.

Mai mota in ta lalace a hannun bakanike yake, duk abin da aka faɗa masa sai ya yarda. Da ka ce gaskit ne, da bashi zan ciwo in kawo maka, kuma ba zan taɓa sani ba. Sai ga shi ka karɓi kuɗin kaya da ɗan ladan aiki, ka ƙulle mini tsofaffin a leda. Yanzu ko a ranar Afrilu, cikin cunkoso, allura ba ta wuce inda ka nuna mini.

Ka gaishe mini da yaron nan da ya sha rana zuwa kasuwa bai ɓata fuska ba.