Daga Ajingi zuwa Penang: Abin da kwanon taliya ya koya mini

Ranar da zan bar Ajingi, mahaifiyata ba ta tambaye ni fasfo ba, ba ta kuma tambayi sa'o'in da jirgi zai yi a sama ba. Damuwarta ɗaya ce: me zan ci a ƙasar da ba a tuƙa tuwo? Ta ƙulla mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta ce rabi nawa, rabi na ƙanena da ke karatun digiri na uku a fannin noma a Jami'ar Putra da ke Serdang, kusa da Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Gwaggona kuma, wadda ta haura shekara 30 tana sana'ar taliya a cikin gida, ta aiko mini da ƙullin busasshiyar taliyarta in kai wa ɗanta. Wannan ƙullin ne na bari, da hujjar kaya sun yi nauyi. Gaskiyar maganar kuwa kunya na ji. Na ce a raina, yaya za a yi a buɗe jakata a filin jirgin wata ƙasa a ga taliyar 'yan talla? Da wannan tunanin na bi ta Gaya, na haye gadar Wudil, na shiga Kano, daga nan jirgi ya bi da mu ta Adis Ababa.

Abu na farko da ya tarbe ni a Malesiya ɗan gida ne. Daga filin jirgin sama na Sepang zuwa Serdang, hagu da dama, gonakin kwakwar manja ne a jere iya ganin ido. Asalin wannan itaciya Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka kai tsiro huɗu lambun Bogor da ke tsibirin Jawa, a 1917 kuma aka kafa gonar kasuwanci ta farko a Tennamaram cikin jihar Selangor. Wato kafin ƙasashen biyu su samu 'yancin kai, su a 1957, mu a 1960, manja ya riga ya yi saiwa a can. Yau Malesiya ce ta biyu a duniya wajen samar da shi, bayan Indunusiya. Ban san cewa wannan darasi, na baƙon da ya zama ɗan gari, shi zan yi ta maimaitawa a kowane kwano ba.

A daren farko ƙanena ya ce, “Yaya, ajiye kukar nan tukuna, zo mu je mamak.” Mamak su ne Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, Tamilawa, waɗanda kakanninsu suka zo fatauci suka zauna, kuma sunan ya bi gidajen abincinsu. Da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Teburan roba ne a jere har bakin titi, ga talabijin ana kallon ƙwallo, ga Malayawa da Sinawa da Indiyawa da ɗaliban Afirka kowa da kwanonsa. Mai shayin wurin yana ɗaga kofi sama yana zuba shayi mai madara cikin wani kofin har ya yi kumfa, suna kiransa teh tarik. Na yi dariya, domin duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a tashar Gaya ya san wannan ɗagawar.

Aka kawo mini mee goreng, wato soyayyar taliya. Rawaya ce, mai kauri, an soya ta a kasko mai zurfi bisa wuta mai ƙarfi, da ƙwai da kabeji da dankalin Turawa da markaɗaɗɗen barkono da baƙin ruwan waken suya, ga yankin lemun tsami a gefe. Na sa cokali mai yatsu na tsamo wani fari mai laushi, na ɗanɗana, sai na ce, “Ai wannan awara ce!” Ƙanena ya ce ita ce, a can tauhu take. Ya ƙara da cewa in lura da kwanon da kyau: taliyar ta Sinawa ce, mai suyar Ba'indiye ne, barkonon na Malayawa ne, alkamar kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita, domin Malesiya ba ƙasar noman alkama ba ce. Duk da haka, ka tare kowane ɗan ƙasar ka ce masa mee goreng ba nasu ba ne, ka ga yadda zai dube ka.

Bayan kwana uku muka hau motar safa zuwa arewa, tafiyar kamar sa'a biyar, muka haye gadar Penang mai tsawon kilomita 13 da rabi, wadda aka buɗe a 1985. Babban garin tsibirin, George Town, yana cikin wuraren tarihin da Hukumar UNESCO ta amince da su tun 2008, kuma 'yan ƙasar da kansu sukan yi tattaki zuwa can don ci kawai. A nan ƙanena ya ja kunnena. Shahararriyar taliyar garin, char kway teow, faffaɗa ce ta garin shinkafa, ana soya ta da jatan lande da ƙwai da tsiron wake, amma a asalin girkin Sinawa da kitsen alade ake yin ta. Saboda haka matafiyi Musulmi ba ya zama a inda ƙamshi ya kira shi kawai. Yakan duba tambarin halal na hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, JAKIM, ko ya nemi rumfar Musulmi, domin Malayawa ma suna da tasu wadda babu haram a cikinta. A irin wannan rumfa muka ci, kuma hayaƙin kaskon da ya kama ta ya tuna mini da ƙamshin tukubar mai tsire.

Inda na kusa ajiye cokali shi ne kan asam laksa. Fara ce, mulmulalliya, ita ma ta shinkafa, tana iyo cikin romon kifin teku da aka marmasa, an yanka mata abarba da albasa da kokwamba da na'ana'a, sannan aka ɗiga wani baƙin abu mai kauri a kai. Warin ne ya fara isowa. Na kau da kai, matar da ke zubawa, wata dattijuwa mai lulluɓi, ta gani ta yi murmushi. Ƙanena ya ce, “Yaya, kai da ka ƙetare teku da daddawa a jaka, kai ne za ka toshe hanci?” Maganar ta shige ni. Baƙin abin nan jatan lande ne da aka bari ya ruɓa da gishiri, ɗan'uwan wani da suke kira belacan, wanda miyarsu ba ta cika sai da shi. Daddawarsu ke nan. Da na daure na kurɓa, sai ga tsamin da harshena ya sani tun ina yaro, domin asam a bakinsu tsami ne, kuma tsamiya na cikin abin da ake haɗa romon da shi. Na shanye kwanon tas.

A kasuwar dare, wadda suke kira pasar malam, na ga wasu dogayen koren kwanso a rataye, kamar an tsinko su daga gonar bayan gidanmu. Petai ne, kuma ƙanena, da yake fanninsa ne, ya tabbatar mini cewa dangi ɗaya suke da ɗorawa. Mu mukan dafa kalwa mu rufe ta ta zama daddawa, su kuma ɗanyen ƙwayar suke soyawa da barkono. Allah mai iko: itatuwa biyu 'yan gida ɗaya, tsakaninsu teku da bambancin sa'a bakwai a agogo, kowace al'umma ta gano yadda za ta ci tata.

A hanyar dawowa Serdang aka ba ni labarin laksar jihar Johor, wadda da taliyar Italiya ake yin ta, irin ta leda da muke saya a kanti, kuma da hannu ake cin ta a al'adance. A bakin mutanen jihar, Sarkinsu Abu Bakar ne ya ɗanɗano ta a Turai a ƙarni na 19 ya sa masu girkinsa su haɗa ta da romon gida. A lokacin ne ƙullin Gwaggo ya faɗo mini a rai, na ji nauyinsa fiye da wanda na guje wa a sikelin filin jirgi.

Domin mu ma muna da irin wannan labarin. Taliyar Hausa 'yar gidan alkama ce, ita da gurasa da alkaki da alkubus, abincin da dattawan Kano ke dangantawa da zaman Larabawan Arewacin Afirka a unguwanni irin su Dandalin Turawa. Daga birni ta fita ƙauye, mata suka karɓe ta. Da farko da tafin hannu ake murza ta, shi ya sa ake ce mata 'yar murji, daga baya ƙaramin injin juyawa ya shigo. A kwaɓa fulawa da gishiri, a murza, a shanya a igiya a tsakar gida, a dafa, a zuba mata manja ko man gyaɗa da yaji, mai hali ya haɗa da wake. Babu Balarabe ko Bature da zai ga wannan kwano ya ce nasa ne. Mun yi mata abin da Malayawa suka yi wa taliyar Sinawa: mun ba ta miyarmu, mun ba ta sunanmu. Da cinikinta aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki a Ajingi da Toranke da Gaya, da shi aka biya kuɗin makarantar wasunmu, har da ni mai wannan rubutu.

Bambancin shi ne, su sun ɗaukaka tasu, mu mun raina tamu. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sanya al'adar karin kumallon Malesiya, da shinkafarsu ta madarar kwakwa mai suna nasi lemak da burodin kasko roti canai da teh tarik, cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Ba abincin fada ba ne, abincin leburori ne da ɗalibai. Abin da suka yi masa ba sihiri ba ne. Ƙananan hukumomi sukan duba tsaftar gidajen abinci su manna musu daraja a ƙofa, mai sayar da abinci sai ya yi rigakafin zazzaɓin taifot, kasuwar dare tana da ranarta da wurinta. Saboda haka malamin jami'a ba ya jin kunyar zama a benci kusa da direba.

A wajenmu kuwa, yaron da aka haifa a 'yan shekarun nan ya fi sanin Indomie, wadda ita ma daga wancan yankin ta fito, daga Indunusiya, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin ta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Ba laifinta ba ne da ta samu karɓuwa. Ta zo a tsaftace, a ƙulle, tana dahuwa cikin mintoci. Masu shayinmu ma sun fara mayar da ita 'yar gida da attaruhu da albasa da ƙwai. Tambayar ita ce, me ya hana taliyar Gwaggo ta zo a tsaftace a ƙulle? Har gobe a igiyar shanya take bushewa, ƙura da ƙuda na bi ta kai, sannan a ɗora wa yarinyar da ya kamata a ce tana aji ta zaga gari da ita.

Ba na ce mu koma cin laksa ba, kayan aro ba ya rufe katara. Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Muna da alkama da shinkafa a Kadawa da Kura, albarkacin ruwan Tiga. Muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Ajingi. Ɗalibanta za su iya ƙera wa mata akwatin shanya mai raga da ke aiki da zafin rana, su gwada taliyar shinkafa ko ta dawa, su auna kwanakin da za ta yi ba ta lalace ba. Ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya za su iya haɗa masu sana'ar cikin ƙungiya, a samar musu injin liƙe leda da rumfa mai tsafta a kasuwa, yadda ciniki zai zo inda suke, tallar yara ta ragu. Ƙasar Gaya da tarihi ya san ta da maƙeran da suka sauka Dala ba za ta rasa mai gyara injin taliya ba.

Ga ƙannenmu masu fita karatu kuma, shawarata ita ce ku tafi da kukarku, amma kada ku shekara uku a ƙasar mutane kuna kulle a ɗaki da tukunyar tuwo. Ku tambayi halal, idan kun tabbatar ku zauna ku ci. Malayawa sukan gaisa da tambayar ko ka ci abinci, kuma wanda ya ƙi kwanon mutane da wuya ya san zuciyarsu.

Da na dawo, bayan na gaida mahaifiyata, gidan Gwaggo na nufa. Na same ta a gindin injinta, taliya na rataye a igiya kamar zaren saƙa. Ta ce, “Ɗan nan, ya ji daɗin saƙon nawa?” Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce wa jikarta ta zubo mini, a sa manja da yawa. Na wanke hannu na ci, ina tunanin ƙanena da ya tambaye ni a daren da zan taho ko Gwaggo ba ta aiko masa da komai ba. Wanda zai tafi a watan gobe na riga na ba shi ƙullin, ni na biya kuɗin nauyin. Allah Ya sa mu san darajar abin hannunmu tun kafin baƙo ya zo ya faɗa mana.