Kafin Gadon Majinyaci Ya Shiga Lifta

Makon nan na zo da batun da ba a saba kawowa zauren nan ba, wato lifta, na'urar da ke hawa da sauka da mutane a bene, musamman ta asibiti. Da yawanmu mun taɓa kai jaruma asibiti a labari, mu ce an gungura gadonta an shiga lifta, sai mu wuce. Alhali kafin a yarda gadon nan ya shiga, akwai gwaje-gwajen da ran mutum ya rataya a kansu.

Gwajin lifta daɗaɗɗen abu ne. A 1854, a wani baje koli a birnin New York na Amurka, Elisha Otis ya hau dandamalin da igiya ke riƙe da shi, ya sa aka datse igiyar a gaban jama'a. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, birkin da ya ƙirƙiro ya cafke shi. Daga nan mutane suka fara yarda su ba lifta amanar kansu. Har yau hanyar ba ta canza ba: a jawo matsalar da gangan, a ga yadda na'urar za ta yi, tun babu kowa a ciki.

Na ga wannan da idona lokacin da nake jinyar kawuna a wani asibiti mai hawa huɗu. An sa sabuwar lifta, amma an hana kowa shiga. Mu masu jinya muna ta guna-guni, don a matakala ake ɗaukar marasa lafiya, mutum huɗu ko biyar suna nishi. Rannan na tarar da masu aikin suna jera tubalan ƙarfe a ciki. Na tambayi babbansu, "Injiniya, mutane na wahala, ku kuma ƙarfe kuke hawarwa?" Ya ce, "Malam, gara ƙarfe ya faɗo da a ce mahaifinka ne." Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Abu na farko girma ne. Liftar gado mai ɗaukar kilo 1,600 akan yi cikinta faɗin mita 1.4 da tsawon mita 2.4, ƙofarta kuma mita 1.3. Amma awo a takarda ba ya isa. Sai an turo gadon asibitin na gaske, da sandar ƙarin ruwa, da tukunyar iskar numfashi, da ma'aikaciyar jinya a gefe, da mai turawa, a ga ko ƙofa za ta rufu ba tare da an karkata gadon ba.

Sai nauyi. A ƙa'idar da ake bi a Turai, ana loda mata kashi 125 cikin ɗari na abin da aka rubuta mata. Mai kilo 1,600 ke nan za ta sha kilo 2,000 na ƙarfe, a sake ta tana saukowa, a ga ko birki zai tsayar da ita. Ana kuma duba cewa in kaya ya yi mata yawa za ta yi ƙara ta ƙi motsi. Akwai wata na'ura a sama mai lura da gudu. In gudun lifta ya zarce ƙa'ida da kashi 15 cikin ɗari ko fiye, sai ta sa haƙoran ƙarfe su damƙi dogon da liftar ke bi. Wannan jikan birkin Otis ne, shi ma sai an tayar da shi da gangan an gani.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na daidaiton tsayawa. Bai kamata ƙasan lifta ya saɓa da daɓen bene fiye da milimita 10 ba. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne, zai tsallake bai ma lura ba. Ga wanda aka fito da shi daga tiyata, tayar gado ta daki wannan ɗan tudun, har cikin ɗinkinsa zai ji. Don haka ana tsayar da ita a kowane hawa, fanko da kuma cike, ana aunawa.

Ƙofa ma da nata. A sa hannu ko sandar guragu a tsakani, dole ta koma ta buɗe. Dole ta jira har gado ya gama wucewa. Kada lifta ta tashi ƙofa a buɗe, kada kuma ƙofar wani hawa ta buɗu alhali liftar ba ta wurin, don rami ne kawai a bayanta.

Sannan wanda ya fi shafar mu a nan gida: ɗauke wuta. Ana kashe wutar da gangan lifta na tsakanin hawa biyu. Batirinta ya kamata ya lallaɓa da ita zuwa hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa, fitilar gaggawa ta kama ta yi aƙalla awa ɗaya. A tayar da janareta a ga ko za ta koma aiki da kanta. A danna ƙararrawa a ji ko akwai mai amsawa, ba da rana kaɗai ba, har da ƙarfe biyun dare. A kunna ƙararrawar gobara a ga ko za ta sauko ƙasa ta buɗe ta tsaya cik.

Duk wannan ana rubuta shi a littafi da kwanan wata da sa hannu, kuma ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci, don igiya na cinyewa, birki na sanyi, batir na mutuwa. Rigakafi ya fi magani, ko da a gidan magani ne.

Shawarata gare mu ita ce, in za mu rubuta asibiti, mu je mu tambayi masu aikinsa, har da wanda ke zuwa da jakar sifana. Kuma in kun ga lifta da takardar gwaji a manne, ku duba kwanan watan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri.