Wutar da ba ta hutu

Kowace sana'a da lokacinta. Manomi yana jiran damina. Magini yana jiran rani, don ruwan sama ba ya barin tubali ya bushe. Mai saida ruwan sanyi kuwa, kasuwarsa bazara ce. Amma akwai mutum guda a unguwarmu wanda bai san hutun shekara ba, shi ne mai gashin nama. Ko ana ɗari, ko ana zafi, ko ana ruwa, da la'asar ta yi za ka tarar ya hura wutarsa a bakin hanya.

Ni malamin makaranta ne. Shekara shida ke nan ina zaune kusa da tukubar wani dattijo mai tsire. Tukuba ita ce tudun ƙasa da toka wanda ake hura wuta a tsakiyarsa, a kakkafa tsinkayen nama kewaye da ita. In na taso daga makaranta nakan tsaya mu gaisa. Yakan ce mini Mushe, ni kuma in ce masa Baba. A nan na gane cewa abin da nake koya muku a aji game da iska da zafi da ruwa, shi ya daɗe da saninsa, ko da yake bai taɓa riƙe alli ba.

Mu fara da hunturu, daga watan Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin iska tana busowa daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya, ɗauke da ƙura. Baba yakan kafa tsohon kwano a wannan gefen ya tare ta. Ya ce iska mai yawa tana cinye icce da sauri, kuma tana sa bayan nama ya ƙone alhali cikinsa ɗanye. Abin da ya fi jin tsoro shi ne tartsatsi. Zana ta bushe, kara ya bushe, rumbuna cike suke da hatsi. Tartsatsi guda ya isa ya tada gobara a unguwa. Saboda haka ba ya rabuwa da bokitin ruwa, kuma ba ya tafiya gida sai ya kashe garwashi sarai.

Hunturu yana da nasa alheri. Ƙudaje sun ragu, mutane suna son zama kusa da wuta, ciniki yana tafiya. Masu kilishi ma suna murna. Ku sani, in an raba ɗanyen nama kashi huɗu, kusan kashi ukku ruwa ne. Mai kilishi yakan feɗe naman siriri kamar takarda, ya shanya, busasshiyar iska ta shanye ruwan. Sa'an nan ya tsoma shi cikin labu na gyaɗa da yaji, ya sake shanyawa, ya gasa kaɗan. Naman da ba ruwa a cikinsa yana daɗewa bai lalace ba. Shi ya sa matafiyi yake sayen kilishin Madawa ya kai tsaraba Yamai, ko ma wata ƙasa.

Daga Maris zuwa Mayu sai bazara. Zafi yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Ku yi tunanin mutumin da yake tsaye gaban wuta a wannan lokaci! Duk da haka ba gumi ne damuwarsa ba, lalacewar nama ce. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suna hayayyafa da sauri cikin zafi. Naman safe in bai samu kula ba, kafin dare ya yi wari. Don haka Baba yakan ɗauki nama kaɗan, daidai abin da zai ƙare. Ba ya karɓar wanda ba shi da tambarin likitan dabbobi. Ga shi ciyawa ta ƙare a daji, dabbobi sun rame, mai ƙiba ta yi tsada. Riba kaɗan ce, amma wuta tana ci.

Damina ta fi kowane lokaci wuya. Daga Yuni zuwa Satumba hadari yakan taso daga gabas, ƙura ta riga shi isowa. Baba ba ya sauraron rediyo don sanin ko za a yi ruwa. Da ya ga gabas ta yi ja, iska ta tsaya cik, sai ya kwashe tsire ya rufe cikin kwarya, ya kifa kwano bisa garwashi. In ruwa ya ɗauke ya buɗe, ya hura, ya ci gaba. Jiƙaƙƙen icce hayaƙi kawai yake yi, yana ɓata ɗanɗanon nama. Saboda haka tun da bazara yake tara busasshe a zaure. Ƙudaje sun yi yawa, dole a rufe nama. Masu saye kuma sun ragu, don rumbu ya yi ƙasa, kowa yana gona.

Wani dare na ruwa na tarar da shi raɓe ƙarƙashin rumfa, rigarsa sharkaf. Na ce: «Baba, don mi ba ka shigar da wutar nan cikin shago?»

Ya ce: «Mushe, garwashi da rufaffen ɗaki ba su shiri. Wanda ya haɗa su barci yake yi, ba ya tashi.»

Gaskiya ya faɗa. Gawayi in yana ci inda iska ba ta shiga, yana fidda wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum sai ya ji ciwon kai da jiri, barci ya kwashe shi. Ku riƙe wannan da kyau, yara. In ana ɗari, kada ku kwana da kaskon wuta a ɗaki ƙofa da taga a rufe.

Na sake ce masa: «To, ka huta mana sai kaka.»

Ya yi dariya ya ce: «In na huta, wa zai auno mini hatsi? Kuma wanda ya zo yau ya tarar ba wuta, gobe wurin wani zai tafi.»

Da safe yake ɗaukar nama bashi wurin mahauci, da dare ya biya. Abin da ya saura, shi ne tuwon gidansa, shi ne littafi da alƙalamin ƴaƴansa. Sai kaka ta zo, an yi girbi, an saida wake da gyaɗa, sa'an nan yake samun abin ajiya.

Sau ɗaya a shekara kowane magidanci yakan ɗanɗana wannan aiki, wato ran layya. Watannin Musulunci suna bin wata, shekararsu ta gaza ta kalanda da kwana 11. Saboda haka layya tana zagaya dukan lokutan shekara cikin shekara 33. A 2008 an yi ta cikin ɗarin Disamba. A 2020 an yi ta ƙarshen Yuli, tsakiyar damina. Duk da haka ba a fasa ba: aka feɗe raguna, aka banƙare su bisa sanduna, aka jera kewaye da wuta a ƙofar gida, ana gashi ana duban gabas.

Akwai abu guda da yake damun Baba fiye da ruwa da iska, shi ne icce. Ya ce da yana yaro ƙirya tana nan bayan gari, garwashinta yana kwana bai mutu ba. Yanzu sai an tafi nesa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatari ya ƙarasa saura. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ƙasarmu ran 3 ga Agusta. Manoman Maraɗi kuma sun koyi barin tohon kututture a gona ya girma. Duk mai son tsire, ya kamata ya so icce.

Ɗan autan Baba yana ajina. Bara waɗansu yara suka riƙa yi masa ba'a, wai rigarsa tana warin hayaƙi. Har ya fara ƙin zama a layin gaba. Ran da muka yi darasin lokutan shekara, na sa shi ya tashi ya gaya mana daga ina iska take busowa da hunturu, daga ina hadari yake tasowa. Ya amsa duka, har ya ƙara mana da alamun da ba su cikin littafi. Aji ya yi tsit. Wannan hayaƙin da suke raina, shi ya kawo shi makaranta, shi kuma ya koya masa abin da ba su sani ba. In kun wuce ta wurin mai tsire, ko maƙeri, ko mai tuya, ku gaishe su da ladabi, ku tsaya ku duba yadda suke aiki.

Tambayoyi

1. Don mi kilishi yake daɗewa bai lalace ba?
2. Mine ne haɗarin kwana da garwashi a rufaffen ɗaki?
3. Je ka wurin wani mai sana'ar wuta a garinku, ka tambaye shi lokacin da ya fi masa wuya a shekara. Rubuta amsarsa cikin layi biyar.