Dalilin da ya sa nake ambatar wiski a darasin kimiyya

Ni Musulmi ne, ban taɓa sa giya a baki ba, kuma ba na fatan ɗalibina ko ɗaya ya sa. Duk da haka, idan muka zo darasin raba ruwa biyu ta hanyar tururi, nakan kawo misalin wiski. Wasu iyaye sun yi ƙorafi, shi ya sa nake son mu fahimci juna.

Asalin wiski hatsi ne. Ana jiƙa shi, a dafa, a bar shi ya yi tsami, sannan a ɗora a tukunyar jan ƙarfe. Sinadarin maye yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, don haka shi ke fara tashi, a sanyaya tururinsa a tara. Da wannan dabara ake fitar da ruwan wardi, kuma tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya yi rubutu a kan haɗa turare da ita a Bagadaza.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kowace ƙasa ke barin alamarta a ciki. A Sikotilan sha'ir suke amfani da shi. A tsibirin Aila sukan busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓiyar ciyawa, sai abin ya fito da warin hayaƙi. A Amurka, nau'in da ake kira burbon dole ne aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa ya zama masara, shi ya sa aka ce ya fi zaƙi. Masu ɗanɗanawa ma sun fi dogara da hanci, har sukan ɗiga ruwa kaɗan don ƙamshin ya buɗe.

Sai yanayi. Dokar Sikotilan ta ce sai wiski ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako. Saboda sanyi da laima, wajen kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke bin iska a shekara. A Bangalor ta Indiya, inda ake zafi, asarar takan kai kashi 10, amma abin ya fi saurin nuna. Yaron da ya ga yadda randa ke raguwa a watan Afrilu a Damagaram ba ya wahalar gane wannan lissafi.

Akwai kuma abin da nake son kowane yaro ya ji daga bakin malami. Masu sana'ar sukan ware farkon abin da ya fito daga tukunya, ba sa sa shi a ganga. Barasar ɓoye da aka gauraya da metanol tana makantarwa, tana kisa. Matashin da bai taɓa jin haka ba, shi ya fi saurin faɗa wa kwalbar da ba ta da suna.

Iyaye, haramcin giya kuna koyar da shi a gida, malaman allo ma suna yi, ni ma ina maimaitawa a aji. Amma yaranmu na da waya a hannu, kuma mai talla ba zai gaya musu illa ba. Na fi son su fara jin batun daga gare mu, da dalilinsa da haɗarinsa.