Na Je Sayen Shinkafa, Na Ɓige da Tayin Jirgi

Shanshera ce ta kai ni Kende. Ni Bakano ne, ruwan da na sani bai wuce Tiga da Bagauda ba, su ma daga baki nake kallonsu. Na gaji da sayen shinkafar Kebbi a hannu na uku, na ce bari in bi ta har gindinta.

Daga Kano zuwa Jega babu abin faɗi sai shingayen hanya da ciwon baya. Dare ya yi mana kafin mu isa, na kwana a wani masauki na bakin titi. Ƙofar ɗakin ƙusa ce sakatarta, fankar kuwa ado ce. Sauron ƙasar gulbi ba irin namu ba ne. Namu yana da kunya, yana jira a kashe fitila, wannan tun ina alwala ya fara aiki.

Da hantsi na tsaya a bakin gulbin Kende, wanda ya gangaro daga Sakkwato ta Argungu da Birnin Kebbi, saura kaɗan ya faɗa Kwara. Sai ga wani dogon jirgin katako, siriri kamar tsinke, ɗauke da buhuna, da babur, da raguna biyu, da mata da kwanukansu, wani yaro a tsakiya yana ta kwarfar ruwa. Bakano ba ya ganin kaya na tafiya bai yi lissafi ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye ribata. Nan take na ce a raina, ai sai in sayi nawa, ya riƙa kwaso mini shinkafa daga ƙauyukan fadama.

Direbanmu ya haɗa ni da wani dattijo Basarke, wanda ya tsufa a kan ruwa. Bai bar ni na koma masaukin nan ba. Ya sa aka share mini ɗakin zaure, aka ɗaura gidan sauro, aka kawo tuwon shinkafa da giwan ruwa. Kifin ba magana, amma miyar da sauran gyara, ba su san daddawa kamar matan Kano ba. Ban faɗa masa ba.

Na ce, "Baba, nawa ne jirgi?"

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wane iri? Mi zai ɗauka? Wane ruwa zai bi?"

Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ce kwalekwalen da ake fafewa daga ice guda ya yi wuya, don manyan maɗatai sun ƙare. Yanzu katako ake kawowa daga kudu, masassaƙa su jera shi a bakin ruwa, su ɗinke da ƙusoshi, su cusa tsumma a tsakanin allunan, su bi da kwalta. Mai son babba yakan nufi Yawuri. Kuma jikin jirgin shi ne mai sauƙi, injin ke karya mutum. Yamaha mai doki 40 suka fi yarda da shi, don kowane makanike a bakin kogi ya san cikinsa. Fetur ɗinsa sai an gauraya da baƙin mai, idan yaro ya yi rowar man, injin ya ƙone. Farfela kuma tana da abokan gaba biyu, yashi da tarun masunta. Da magariba kwance injin ake yi a kai shi ɗaka a kafaɗa, kamar jariri.

Na ce to na hannu fa? Nan ya gyara zama. Kada in sayi jirgi a tudu, kada in sayi wanda ya sha sabon fenti. In sa a loda masa kaya, ya kwana a ruwa, da asuba in zo in ga abin da ya sha. In bi allunan ƙasa da tsinin wuƙa, inda ta shige da sauƙi ruɓa ce. Wannan na gane shi sarai, haka muke yi wa dillalan mota.

Abin da ban gane ba shi ne jirgi ba ya ajiyuwa. Ka bar shi a rana ya tsage, ka manta da shi a ruwa ya ruɓe. Yaron nan mai kwarfa da na ɗauka alamar lalacewa ce, ashe kowane jirgi da nasa. Ruwa na ja da baya kuma a jawo shi tudu, a kife, a sake tsumma da kwalta.

Na nuna masa wani bidiyo da ɗan ƙanwata ya aiko daga Ingila: jirage sirara, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, suna bin magudanan da aka haƙa da hannu a Birmingham, da gado da murhu a ciki, mutane na zaune kamar gida. Ya kalla sau biyu, ya ce, "To ina suka aza buhu?"

Washegari muka shiga Kwara ta wajen gadar Tuga. A nan na ji kogin yana cika sau biyu a shekara: farin ruwa mai laka na daminarmu, da baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai da sanyi. Kowanne da inda yake tara yashi, hanyar bara ba ita ce ta bana ba. Matuƙin ya kauce wa wani wuri da ni ban ga komai a cikinsa ba, ya ce dorina ce da ɗanta. Na riƙe gefen jirgi ina ta salati, wata tsohuwa na ɓare gyaɗa tana yi mini dariya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya, amma biyun da na gani a jirginmu zama ake yi a kansu. Da na ambaci jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 da mutum fiye da ɗari, Baba ya yi shiru, sannan ya ce lodi ne da tsufan katako.

Sai ya juyo ya ce, "Alhaji, kai kana Kano. Wa zai tuƙa maka?"

Ban da kowa. Wanda ya san ruwan yana da nasa jirgin, wanda bai sani ba kuwa ba zan ɗora masa ran mutane ba.

Mun kai Lolo a bakin iyakar Benin. Ana ciniki da naira da sefa, ana Dandanci da Zabarmanci, amma da an zo kan farashi sai a koma Hausa. Kasuwa dai kasuwa ce, ban ga abin da babu a Dawanau ba in ban da kifi. Na ɗaure buhunana, na yi jinga da mai babbar mota. Baba ya ƙi karɓar ko sisi, ya ma cusa mini ƙunshin bandar tarwaɗa, wadda fasinjoji suka yi ta ƙorafin warinta har Gusau.