DAGA TAMALE ZUWA WA: TA SAMA DA TA ƘASA

Dattawa da 'yan kasuwa sun sha tambayarmu nisan da ke tsakanin Tamale da Wa, ko kuwa jirgin sama ya cancanci kuɗinsa. To, ga abin da muka gani da idonmu.

A ƙarshen shekarar 2019, watau shekarar da jiragen fasinja suka fara sauka Wa, muna Tamale mu uku wajen sayen man kaɗe, sai waya ta same mu da hantsi cewa wani dattijonmu ya rasu a Wa, za a yi jana'iza bayan azahar. Muka dubi juna. Ta mota tafiyar mil 190 ce ko kusa da haka. Sai ka haye gadar Yapei, ka karkata a Fufulso, ka ratsa Damongo da Larabanga mai tsohon masallaci, ka kai Sawla, sa'an nan ka miƙa arewa. Tun da aka gama kwaltar Fufulso zuwa Sawla a 2015 hanya ta yi sauƙi, amma duk da haka awa biyar ce ko shida, ban da zaman jiran mota ta cika. Ba mu isa mu riski gawa ba.

Allah da ikonsa, ran nan akwai jirgi. Filin Tamale yana bayan gari, fiye da mil 10, nan ne alhazanmu suka fara tashi sosai zuwa Makka a 2016 ba sai sun gangara Akra ba. Muka yanki tikiti, kowa ya ji a aljihunsa. Ta sama nisan bai fi mil 120 ba, don jirgi ba ya kewaye dajin Mole, bisansa yake bi. Babban cikinmu, wanda bai taɓa hawa ba, ya kama tasbaha ya rufe ido. Kafin ya ja ta sau uku sai muka ji ana cewa a ɗaura ɗamara, za a sauka. Rabin awa ke nan! Muka sami sahu na biyu, aka sallaci mamacin da mu.

Amma fa kada mai kaya ya ruɗu. Ana auna kaya da sikeli, abin da ya haura a biya, man kaɗenmu kuwa a Tamale muka bar shi hannun maigidanmu. Jirgin kuma ba kullum yake zuwa ba a lokacin. Da rasuwar ta zo washegari, da sai dai mu je gaisuwa.

Bayan addu'ar uku muka komo ta mota. Mun fita Wa da sassafe, muka tsaya Larabanga muka yi nafila, ba mu shiga Tamale ba sai da aka kira la'asar.