Makon ɗalibi a Gwadangaji

Gwadangaji ba garin jami'a ba ne. Baƙo da sakatariyar jihar Kebbi ya san shi, da gidajen ma'aikata, sai tsohon garin manoma da rayuwarsu ta rataya a fadamar Rima. Amma in ka tsaya bakin titi da sanyin safiya, tun motocin ma'aikata ba su fara shigowa ba, za ka ga masu fita: samari goye da jaka, 'yan mata rungume da littattafai cikin hijabi, kowa na tsai da kabu-kabu ko Keke Napep. Wasu kwalejin Waziri Umaru suka nufa, nan cikin Birnin Kebbi. Masu sammakon gaske su ne 'yan Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2013, don sai sun ratsa birni sun kama hanyar Kalgo, mazauninta na dindindin kuwa yana kan hanyar Bunza. 'Yan jami'ar Aliero da 'yan kwalejin Adamu Augie ta Argungu ba a cika ganinsu ba sai ƙarshen mako, sun zo da kayan wanki, su koma da ƙullin gari.

A takarda nauyin bai kai a yi kuka ba. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ce ɗalibi ya yi rajistar yunit 15 zuwa 24 a zangon karatu, kuma yunit guda awa ɗaya ce ta lakca a mako, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikacin sakatariya mai zaman ofis Litinin zuwa Juma'a, in ya ji haka, cewa zai yi yaran nan hutawa suke yi.

Abin da bai lissafa ba shi ne awannin ba a jere suke ba. Lakca ƙarfe takwas, ta gaba sai biyun rana. Mai ɗaki a makaranta ya koma ya miƙe ƙafa. Ɗan Gwadangaji ba shi da wannan gata, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mai biyan kuɗin mota sau biyu a yini. Sai ya raɓe a masallaci ko gindin dogon yaro, a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40, ya buɗe littafi ya yi ta kallon shafi guda har a kira azahar. Wannan zaman a wurina shi ne asara mafi girma a makon: ba karatu ba, ba hutu ba, ba neman kuɗi ba. Lamunin ɗalibai na NELFUND na naira 20,000 a wata ya rage raɗaɗi ga waɗanda suka samu, sai dai mota da data ba sa bari ya kwana.

Asabar kuma ta fadama ce. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Kebbi a 2015, noman rani ya ƙara zama sana'ar kuɗi, kuma gida mai ɗa namiji baligi ba ya barin hannunsa ya tafi a banza don wai yana jami'a. Na ga wani saurayi tsaye cikin fage, wando naɗe har gwiwa, laka ta bushe fari fat a ƙwaurinsa, yana gyara tiyon injin ban ruwa. Wayarsa na aljihun gaba, ƙunshe cikin ledar ruwan sanyi, tana ta karanto masa saƙon murya daga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu: an sa gwaji ranar Litinin. Ya saurara har ƙarshe, ya ja igiyar injin, ruwa ya taso. In shinkafa ta fara ido kuma, sai gadin tsuntsayen jan-baki, aikin da ba ya jiran kowa ya gama jarrabawa. Dā ana iya auna hutun makaranta da lokacin girbi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 da ire-irensa sun hargitsa wannan lissafi.

Hutu na gaskiya ɗan kaɗan ne, kuma da dare yake zuwa: gidan kallon ƙwallo, teburin mai shayi, benci a shagon mai caji inda ake jiran waya ana gardamar Arsenal da Barcelona. 'Yan mata ko wannan ba su samu ba. Wadda ta dawo da la'asar sakaliya tukunya ce ke jiranta, ga ƙanne, ga Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Karatunta sai gida ya yi shiru, da fitilar waya in ba wuta.

Da jarrabawa ta ƙarato, samarin sukan ɓace daga unguwa. Kowa ya nemi abokin da ya kama ɗaki a Kalgo, a jeru a tabarma guda, a haɗa kuɗin garin kwaki da taliya, musamman masu kari-oba da ba su da sauran uzuri. A waɗannan makonni uba kan ɗauki ɗan ƙwadago ya tsaya wa injin a madadin ɗansa, ya biya shi kuɗin yini, ya kuma kai masa abincin rana.